Malalar Ɗanyen Mai da Lafiyar Jama'a a Najeriya: Daga Oloibiri zuwa Kolmani

Tun kafin Najeriya ta samu 'yancin kai ake haƙo ɗanyen mai a yankin Neja Delta, kuma tun daga lokacin yake malala cikin ƙoramu da gonaki da gaɓar teku. Yankin nan shi ne ƙarshen tafiyar Kogin Kwara. Kogin yana shigowa Najeriya ta Jihar Kebbi, inda gulbin da ya ratso Argungu da Zauro da Birnin Kebbi yake zuba masa ruwan Rima da na Zamfara. Daga nan ya bi ta Yawuri, ya haɗu da Binuwai a Lakwaja, sai a ƙasa da garin Aboh ya rabu gida biyu, Forcados da Nun, waɗanda su ma suka tsattsage zuwa ɗaruruwan ƙoramu kafin su faɗa Tekun Atlantika. Tsakanin ƙoramun nan da teku akwai dajin itatuwan da ke tsirowa cikin ruwan gishiri, wanda babu mai girmansa a Afirka. A cikin saiwoyinsa kifi yake ƙyanƙyasa, a taɓonsa mata suke tsintar kaguwa da dodon koɗi da jatan lande.

Ijaw da Ogoni da Itsekiri da Andoni da Ibibio da sauran ƙabilun yankin masunta ne da manoman rogo da doya. Bisa al'adar Ijaw, an ce akwai iskokin ruwa da ke da iko da wasu tafkuna, don haka ba a su a cikinsu sai ranar da dattawa suka buɗe, wani lokaci bayan shekaru. Batun iskoki dai magana ce ta gargajiya, amma hanin da kansa gaskiya ne, kuma shi ya riƙa ba kifi sararin hayayyafa. Mutumin Kabi ba zai yi mamaki ba, domin haka ake killace kogin Matan Fada a Argungu har sai Sarkin Ruwa ya yi nasa aikin an ba da izinin shiga. A ƙarni na 19 Turawa suna kiran yankin Kogunan Mai, amma manja suke nufi. Da wannan suna Ingila ta kafa mulkinta a can a 1885.

Neman mai, 1905 zuwa 1958

Kamfanin farko da ya yi haƙa da gaske shi ne Nigeria Bitumen Corporation, wanda ya bi sawun kwaltar da ke tsattsafowa daga ƙasa a gabashin Legas, wajen da yau yake Jihar Ondo. Littattafan makaranta sun daɗe suna cewa na Jamusawa ne, amma takardun da masana tarihi suka tono sun nuna a Landan aka kafa shi a 1905, ƙarƙashin wani ɗan kasuwa mai suna John Simon Bergheim. Kamfanin ya taɓa mai a 1908, sai dai bai kai na kasuwa ba. Bergheim ya mutu a haɗarin mota a 1912, kamfanin kuma ya rushe kafin Yaƙin Duniya na Farko ya yi nisa. A 1914 gwamnatin mulkin mallaka ta yi dokar da ta keɓe neman mai ga kamfanonin Birtaniya kaɗai, a 1938 kuma ta ba Shell D'Arcy lasisin da ya game ƙasar baki ɗaya.

Yaƙin Duniya na Biyu ya tsayar da aikin. Da aka dawo, an haƙa rijiyoyi da dama ba a dace ba, sai a Janairun 1956 aka samu mai na kasuwa a Oloibiri, cikin ƙasar Ogbia da yau take Jihar Bayelsa. Dattawan garin sukan ba da labari cewa da suka ga Turawa suna ratsa daji, sun ɗauka manja suke nema. A Arewa kuma akwai maganar da ta yi ƙarfi cewa da kuɗin gyaɗa da auduga aka haƙo man. Gaskiya ne cewa amfanin gona shi ya riƙe baitulmalin ƙasa a wancan zamani, amma abin da yake rubuce shi ne kamfanin ne ya zuba jarinsa a aikin neman. A Fabrairun 1958 aka fitar da lodin farko zuwa waje, ana haƙo ganga 5,100 a kullum, kuma a shekarar ce aka samu mai a Bomu ta ƙasar Ogoni. A shekarar dai kwamitin Willink da Birtaniya ta kafa ya ba da rahoto cewa yankin Neja Delta matalauci ne da aka yi watsi da shi, yana buƙatar kulawa ta musamman.

Dokar bututun mai ta 1956 tana ɗauke da wani sashe da ba a damu da shi ba a lokacin. Ta ce kamfani zai biya diyya idan bututunsa ya fashe ya yi ɓarna, sai fa idan wani ne daga waje ya fasa shi da gangan. A kan wannan togaciya aka shafe shekara sittin ana jayayya.

Yaƙi, bunƙasa da manyan malala, 1965 zuwa 1983

A 1965 aka buɗe matatar mai ta Fatakwal, aka kuma shimfiɗa babban bututun da ke kai mai tashar Bonny, wanda ya ratsa gonaki da ƙauyukan Ogoni, a wasu wurare ma a saman ƙasa. A Fabrairun 1966 Isaac Adaka Boro ya ɗauki makami ya ayyana Jamhuriyar Neja Delta, aka murƙushe shi cikin kwana goma sha biyu. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya bi ta kan rijiyoyi da bututu. A cikinsa ne gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta yi dokar man fetur ta 1969, wadda ta mallaka wa Gwamnatin Tarayya duk man da ke ƙarƙashin ƙasa da ruwa. Dokar filaye ta 1978 ta ƙarasa abin da ya rage, ta danƙa ƙasar kanta a hannun gwamnoni. Daga nan manomin da mai ya cinye wa gona sai dai ya nemi kuɗin shukar da ta mutu. Kason da ake mayar wa yankin da ya samar da arziki shi ma ya riƙa zaizayewa, daga kashi 50 cikin ɗari a farkon 'yanci zuwa kashi 20 a 1975, har ya koma kashi ɗaya da rabi a farkon shekarun 1980.

A 1970 rijiya ta 11 ta Bomu ta ƙwace, ta yi makonni tana feshin mai a gonakin Dere. A wajejen lokacin ne kuma bututu ya fashe a Ejama-Ebubu, man ya kama wuta ya daskare a ƙasa kamar kwalta. Kamfanin ya ɗora laifin a kan yaƙi, mutanen garin suka ce ba haka ba ne, shari'ar kuwa ba ta ƙare ba sai a Agustan 2021, lokacin da Shell ya amince ya biya naira biliyan 45.9. Shekara hamsin ke nan da ɗoriya.

Najeriya ta shiga ƙungiyar OPEC a 1971, kuma kafin ƙarshen shekarun nan tana haƙo sama da ganga miliyan biyu a kullum. Malala ta ƙaru daidai da haƙar. A Yulin 1979 rumbun ajiyar Shell da ke tashar Forcados ya fashe, ganga 570,000 suka shiga bakin kogin da dajin da ke kewaye. Wata shida bayan haka, ranar 17 ga Janairun 1980, rijiya ta 5 ta Funiwa, wadda Texaco ke haƙawa a cikin teku kusa da gaɓa, ta ƙwace ta yi kusan mako biyu tana amai. Kamfanin ya ce ganga 200,000 ne, hukumar gwamnati ta ce sun kai 400,000. Igiyar ruwa ta kwaso man ta shimfiɗa a rairayin gaɓa, ta tura shi cikin ƙoramun Sangana da Koluama, ya kashe ɗaruruwan hekta na dajin ruwan gishiri.

A sauran duniya irin wannan al'amari yakan girgiza ƙasa. Jirgin Torrey Canyon da ya farfashe a 1967 ya ɓata gaɓar kudu maso yammacin Ingila, ya jawo sababbin yarjejeniyoyin duniya kan diyya. Na Exxon Valdez da ya zubar da ganga kusan 260,000 a Alaska a 1989 ya sa majalisar Amurka ta yi sabuwar doka a shekarar da ta biyo. Malalar Forcados ta ninka ta Alaska sau biyu, amma ba wata doka da ta haifar. Hukumar kare muhalli ta farko a Najeriya ma ba mai ne ya kawo ta ba, sharar guba ce da aka jibge daga Italiya a garin Koko a 1988.

Yadda man yake shiga jikin mutum

A buɗaɗɗiyar gaɓa mai rairayi, rana da iska da dukan igiya sukan rage ƙarfin mai a hankali. A ƙoramun Neja Delta abin ya bambanta. Teku tana cikowa tana janyewa sau biyu a rana, duk cikowa ta ɗauki man ta kai shi can cikin daji, duk janyewa ta bar shi manne da saiwoyi. Itatuwan nan ta saiwoyinsu suke numfashi, idan mai ya toshe su sai su bushe a tsaye. Abin da ya nutse cikin taɓo kuwa, da yake babu iska a ciki, yakan yi shekaru masu yawa bai ruɓe ba.

Hanya mafi muni ita ce ruwan sha. Ruwan ƙarƙashin ƙasa a yankin yana kusa ƙwarai, rijiyoyin gida gajeru ne, don haka man da ya tsuma ƙasa ba ya daɗewa yake isa gare su. A cikin ɗanyen mai akwai sinadarin benzin, wanda aka tabbatar yana haddasa sankarar jini, da wasu sinadaran da ke taruwa a jikin kifi da dodon koɗi, da ƙarafa masu guba. Masu wanka da su a gurɓataccen ruwa suna fama da ƙuraje da ƙaiƙayi da ciwon ido, masu shaƙar tururinsa kuma da ciwon kai da tari da sarƙewar numfashi. Ga kuma iskar gas da ake ƙonawa dare da rana a bakin ƙauyuka. Dokar 1979 ta ce a daina daga Janairun 1984, Babbar Kotun Tarayya da ke Benin ta yanke a 2005 cewa ƙonawar ta saɓa wa 'yancin rayuwa, amma har yau wutar tana ci, kamfanoni suna biyan tara.

Akwai kuma cutar da ba ta da suna a katin asibiti. Idan ƙorama ta mutu, gidan masunci ya rasa abincinsa da kuɗin magani a lokaci guda, yara su rame, kowace ƙaramar cuta ta same su da sauƙi. Shi ya sa ƙididdigar waɗanda malala ta kashe take da wuya: kaɗan ne suke mutuwa ranar da bututu ya fashe.

Ogoni, 1990 zuwa 1995

A 1990 shugabannin Ogoni suka kafa ƙungiyar MOSOP, suka miƙa wa gwamnatin Janar Ibrahim Babangida takardar buƙatunsu, ciki har da haƙƙin kare muhallinsu. Marubuci Ken Saro-Wiwa ne ya zama bakin ƙungiyar. Ranar 4 ga Janairun 1993 mutane kimanin 300,000 suka fito zanga-zangar lumana, kuma a shekarar Shell ya dakatar da haƙa a ƙasar Ogoni. Sai dai bututun da ke ɗauko mai daga wasu wurare ya ci gaba da bi ta wurin, rijiyoyin da aka bari kuma babu mai kula da su.

A Mayun 1994 aka kashe dattawan Ogoni huɗu a Giokoo. Gwamnatin Janar Sani Abacha ta kama Saro-Wiwa da wasu, kotu ta musamman ta yanke musu hukuncin kisa a shari'ar da duniya ta yi tir da ita, aka rataye mutum tara a Fatakwal ranar 10 ga Nuwamban 1995. Ƙungiyar ƙasashe renon Ingila ta dakatar da Najeriya. A 2009 Shell ya biya iyalansu dala miliyan 15.5 a wata ƙara da aka shigar a Amurka, ba tare da amsa laifi ba, sai kuma a Yunin 2025 Shugaba Bola Tinubu ya yi wa mutanen taran afuwa, abin da magoya bayansu suka ce bai isa ba, tunda a ganinsu ba su yi laifin da za a yafe ba.

Tsatsa ko zagon ƙasa, 1998 zuwa 2009

Ranar 12 ga Janairun 1998 bututun Mobil da ya taso daga dandalin Idoho a tekun Akwa Ibom ya ɓalle, ganga 40,000 suka fita, ruwa ya ja su yamma har aka ga mai a gaɓar Legas. A Oktoban shekarar, bututun fetur na kamfanin mai na ƙasa, NNPC, ya tsiyaya a Jesse ta Jihar Delta, jama'a suka taru da bokitai suna ɗiba, wuta ta tashi ta kashe fiye da mutum dubu. A Disamba matasan Ijaw suka yi taron Kaiama suka ce kamfanoni su fice. Tsarin mulkin 1999 ya ɗaga kason yankin zuwa kashi 13, aka kafa hukumar raya Neja Delta, NDDC, a 2000, amma zuwa 2006 tsagerun MEND sun fara fasa bututu da sace ma'aikata. Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ne ya kwantar da wannan tarzoma da afuwar da ya yi musu a 2009.

Daga wannan zamani satar ɗanyen mai ta zama sana'a. Ana huda bututu a ja mai zuwa jiragen ruwa, ko a dafa shi a cikin daji a haramtattun matatu, a kwashe gas da kananzir, a zubar da sauran a ƙorama. Ɓarnar wannan ba ƙarama ba ce, kuma hayaƙinsa na cikin abin da ya jawo baƙar ƙurar da ta fara lulluɓe Fatakwal a 2016. Kamfanoni sun daɗe suna cewa mafi yawan malala daga nan take. Mazauna yankin kuma suna nuna bututun da aka binne tun shekarun 1960 wanda tsatsa ta cinye.

Wadda za ta raba gardamar ita ce hukumar NOSDRA mai sa ido kan malalar mai, da aka kafa a 2006. Ƙa'ida ita ce idan an samu malala a kai rahoto cikin awa 24, sa'an nan a je wurin tare, da jami'an gwamnati da na kamfani da wakilan gari, a rubuta dalili da yawan abin da ya zuba. A aikace kuwa, jirgin ruwan da za a shiga na kamfani ne, na'urar awo tasa ce, injiniyan da zai duba ramin ma nasa ne. An ba kura ajiyar nama ke nan, domin idan takarda ta ce zagon ƙasa, babu diyya. Binciken da Amnesty International ta wallafa a 2013 ya nuna wurare da dama da aka rubuta zagon ƙasa alhali alamun tsatsa ne. Saboda haka alƙaluman suke tazara da juna. Hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta kawo malala 6,817 tsakanin 1976 da 2001, kimanin ganga miliyan uku, yayin da wani ayarin masana ya ƙiyasta a 2006 cewa abin da ya zuba cikin shekara hamsin ya kai ganga miliyan 9 zuwa 13.

Bodo ta ƙasar Ogoni ce ta fi fito da wannan matsala fili. A 2008 bututun Bonny ya fashe sau biyu a ƙoramar garin, na farkon ya yi fiye da wata biyu yana zuba. Shell ya amsa cewa lalacewar bututu ce, amma ya ce duka ganga 4,000 ne, kuma tayin farko da ya yi wa garin bai wuce fam 4,000 ba. Masuntan suka kai ƙara Landan, inda kamfanin ya yarda cewa ƙiyasinsa ya gaza. A Janairun 2015 aka sasanta a kan fam miliyan 55, miliyan 35 ga mutum 15,600, miliyan 20 ga gari.

Rahoton 2011 da abin da ya biyo baya

Ranar 4 ga Agustan 2011 hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNEP, ta miƙa wa Shugaba Goodluck Jonathan rahotonta kan ƙasar Ogoni. Wannan ne karo na farko da wani wanda ba kamfani ba kuma ba mai ƙara ba ya auna ƙasa da ruwa da iska da faɗi haka. Cikin wata goma sha huɗu masanan sun duba wurare sama da 200, sun bi kilomita 122 na hanyar bututu, sun gwada samfuri fiye da 4,000, sun karanta katin asibiti sama da 5,000. A wurare da yawa mai ya nutse mita biyar cikin ƙasa. A Nisisioken Ogale sun tarar da tataccen mai mai kaurin santimita 8 yana yawo a saman ruwan da rijiyoyin gari suke ja, benzin ɗin da ke cikin ruwan shan kuma ya ninka ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya sau 900. Ejama-Ebubu tana nan da gubarta bayan shekara arba'in. Rahoton ya ce gyara zai ci shekara 25 zuwa 30, a fara da dala biliyan ɗaya, a kuma kai wa mutane ruwan sha cikin gaggawa.

Ba a rufe shekarar ba sai da ganga 40,000 suka zuba daga filin Bonga, kilomita 120 cikin teku, ranar 20 ga Disamba. Masuntan gaɓar Delta da Bayelsa sun ce man ya iso musu, kamfanin ya ce an tarwatsa shi tun a teku. NOSDRA ta ci tarar dala biliyan 3.6, Kotun Ƙolin Birtaniya kuma ta kori ƙarar mazauna gaɓar a 2023 saboda sun makara. A Tekun Meziko kuwa, inda rijiyar BP ta ƙwace a 2010, kamfanin ya amince da biyan gwamnatocin Amurka dala biliyan 20.8 cikin shekara biyar.

An kafa shirin gyaran Ogoni, HYPREP, a 2012, amma bai motsa ba sai da Mataimakin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo ya ƙaddamar da shi a Bodo a Yunin 2016, lokacin Amina Mohammed tana ministar muhalli. Aikin ya sha suka kan jinkiri da ba da kwangila ga kamfanonin da ba su san aikin ba. A ɓangaren lafiya, binciken da Anna Bruederle da Roland Hodler suka wallafa a 2019 ya haɗa rajistar malala da bayanan haihuwa, ya gano cewa idan malala ta auku cikin kilomita 10 daga gidan mace kafin ta ɗauki ciki, haɗarin mutuwar jaririnta a watan farko yakan ninka. Kwamitin da Jihar Bayelsa ta kafa ƙarƙashin tsohon babban limamin cocin York, John Sentamu, ya gwada jinin mutum 1,600, ya samu ƙarafa masu guba fiye da kima, ya kuma ce a 2023 gyaran jihar kaɗai zai ci dala biliyan 12.

Mai ya iso Arewa

Arewa ba ta da teku, amma ta daɗe da sanin mai. Matatar Kaduna, da aka buɗe a 1980, ta dogon bututu daga kudu ta riƙa samun ɗanyen mai, kuma dagwalonta ya riƙa bi ta rafin Romi yana faɗawa Kogin Kaduna, abin da masanan jami'o'in yankin suka yi ta rubutu a kai. Abin da ya faru a Jesse shi ya maimaitu a Majiya ta Jihar Jigawa a Oktoban 2024, inda tankar fetur ta faɗi, jama'a suka zo ɗiba, fiye da mutum 150 suka ƙone. Gubar dalma da ta kashe yara kimanin 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara a 2010 daga zinariya ta fito, amma salon ɗaya ne: arzikin ƙasa ya gurɓata gida da rijiya, ba a farga ba sai da aka fara binne yara.

A Jamhuriyar Nijar an fara tace man Agadem kusa da Damagaram a 2011, a 2024 kuma aka fara fitar da shi ta bututu mai tsawon kusan kilomita 2,000 zuwa gaɓar Benin. A Yunin shekarar 'yan tawaye suka fasa bututun, mai ya malala a daji. A Najeriya, Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da haƙa a Kolmani, kan iyakar Bauchi da Gombe, ranar 22 ga Nuwamban 2022. Dokar masana'antar mai ta 2021 ta ware kashi 30 na ribar man NNPC don nema a sababbin wurare, kuma kwarin Sakkwato, wanda Kebbi take ciki, yana cikin jerin.

Fadamar Rima ta yi kama da Neja Delta ta fuskar da ta fi haɗari. Ruwanta na ƙasa yana kusa, shi ya sa manomin shinkafa a Zauro ko Argungu yake kafa 'yar gajeriyar rijiyar burtsatse ya ja ruwa da injin fetur. Duk damina gulbi yana cika ya shafe fadama, a shekarun ambaliya irin 2010 da 2020 ma ya haura har cikin garuruwa. Abin da ya zuba a wuri ɗaya, ambaliya za ta raba shi ga gonaki da tafkunan su da mashayar dabbobi. Babban abin da ya karya masu ƙara a kudu shi ne babu wanda ya auna ruwansu da jininsu kafin a fara haƙa, don haka kullum ana iya ce musu su kawo shaidar yadda abin yake a da. Wannan awo aiki ne mai arha, kuma jami'o'in Sakkwato da Birnin Kebbi da Aliero za su iya yin sa, matuƙar an yi shi kafin na'urar haƙa ta iso.

Ficewar manyan kamfanoni, 2021 zuwa 2025

A Janairun 2021 kotun ɗaukaka ƙara ta birnin Hague ta ɗora wa reshen Shell na Najeriya alhakin malalar Oruma da Goi, bayan shari'ar shekara goma sha uku, aka biya yuro miliyan 15 a ƙarshen 2022. A Fabrairun 2021 Kotun Ƙolin Birtaniya ta ce mutanen Ogale da Bille suna iya tuhumar uwar kamfanin a Landan. Sabuwar dokar mai ta Agustan shekarar ta tilasta wa kamfanoni ware kashi 3 na kuɗin gudanarwarsu ga garuruwan da suke aiki, amma ta ce idan aka fasa bututu a yankin gari, za a cire kuɗin gyara daga kasonsa. Togaciyar 1956 ce ta dawo da sabuwar riga.

A daidai lokacin manyan kamfanonin suka fara sayar da rijiyoyinsu na tudu da na bakin gaɓa suna komawa tsakiyar teku. Rijiyar Santa Barbara da ke Nembe, wadda ta ƙwace a Nuwamban 2021 ta yi fiye da wata guda tana feshi, tana hannun Aiteo ne, kamfanin cikin gida da ya saye ta daga Shell. A 2024 Eni ya sayar wa Oando, ExxonMobil ya sayar wa Seplat, a Maris na 2025 kuma Shell ya kammala miƙa reshensa na tudu ga gamayyar Renaissance. Tsofaffin bututun da gurɓatattun ƙoramun sun koma hannun kamfanonin da ba su kai na da ƙarfin aljihu ba. Shari'ar Ogale da Bille, wadda ta ƙunshi mutum sama da 13,000, an sa za a saurare ta gaba ɗaya a 2027, shekara goma sha shida bayan rahoton UNEP kan rijiyoyin Ogale.